Tsamin jiki bayan yaɓe, da ƙwayoyin da aka kawo mini daga Faransa

Gidanmu na gado yana cikin Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram, kuma ginin ƙasa ne tun na kakanmu, wanda duk bayan shekara biyu ko uku sai an sake masa yaɓe kafin ruwan farko ya sauka. Tun da mahaifinmu ya rasu, ni da ƙannena muke haɗa kuɗi mu ɗauki magini da leburori, domin kowannenmu yana da aikinsa, ni kuma shekara ashirin ke nan ina koyar da lissafi a makarantar sakandare. A bazarar shekaru biyu da suka wuce kuɗin ya gaza, sai muka yanke shawarar mu ɗauki magini kaɗai, mu da 'ya'yanmu mu yi masa leburanci. A lokacin ina da shekara 46, kuma rabona da aikin ƙarfi na yini guda tun ina saurayi.

Mun fara ranar Asabar bayan sallar asuba, cikin watan Mayu, lokacin da zafin Damagaram yake wuce digiri 40 tun kafin azahar. Yara suna kwaɓa ƙasa da ƙafa, ni da ƙanena muna hawa tsani da kwano a ka muna kai wa magini a kan soro, sa'an nan mu sauko da tsohuwar ƙasar da ya kankare, wadda ta toshe bakin indararo. Ban ƙirga sawu ba, amma mun yi aiki har kusan azahar, muka huta, muka koma bayan la'asar har aka kira magariba. A daren nan gajiya kawai na ji, na yi wanka na kwanta, har ina jin daɗin cewa jikina bai ba ni kunya ba. Da safiyar Lahadi cinyoyina da kafaɗuna suka yi tsami, ranar Litinin kuwa abin ya kai inda ban taɓa sani ba: ruku'u ya gagare ni, na yi sallar asuba a zaune, kuma sauka daga matakala uku na ƙofar aji ya fi mini wuya fiye da hawansu.

A makon nan 'yar yayata, wadda take aiki a birnin Liyon na Faransa, tana gida hutu. Da ta zo gaishe ni da yamma ta ga yadda nake dafa bango kafin in zauna, sai ta buɗe jakarta ta ciro wasu 'yan bututun roba guda biyu, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, cike da fararen ƙwayoyi masu kama da ƙwayar dawa. Ta ce, "Kawu, wannan shi ake kira homiyofati. A can duk wanda ya yi gudu ko ya buge shi yake sha, har jarirai ana ba su, kuma ba ya yin illa." A jikin na farko an rubuta Arnica montana 9 CH, a na biyu Rhus toxicodendron 9 CH. Ta bayyana mini cewa na farko na ciwon tsoka ne da bugu, na biyu kuma na sanƙarewar jiki ne, irin wadda take tsananta idan mutum ya tashi daga zaune, ta sassauta idan ya ɗan yi tafiya. Da na ji wannan bayani sai na ga kamar ni aka siffanta, domin haka nake ji daidai.

Shan maganin yana da ƙa'idoji, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ana kifa bututun a murɗa murfinsa har ƙwaya biyar su faɗo cikin murfin, a juye su ƙarƙashin harshe ba tare da hannu ya taɓa su ba, a bar su su narke da kansu. Ana sha sau uku a yini, ba a kan abinci ba, sai an ba da tazarar kamar minti 15 kafin a ci wani abu, kuma ta ce in bar kofi da na'ana'a har in gama. Na bar shayin da nake sha da abokai bayan la'asar saboda na'ana'ar da ke ciki, na ƙara da barin goro don kaina. Ɗanɗanon ƙwayoyin zaƙi ne zalla, babu ɗaci ko kaɗan. A kwanakin nan kuma uwargida tana gasa mini cinyoyi da tsumma da ruwan zafi kowane dare, ta bi da tausa da man kaɗanya, kamar yadda ta ga ana yi a gidansu, amma hankalina bai tsaya a kan wannan ba, yana kan bututun da suka ƙetaro teku.

Ranar Laraba na yi ruku'u ba tare da na dafa komai ba, ranar Juma'a kuma na taka da ƙafata har masallaci na dawo. Bayan mako biyu muka koma don ƙarasa katanga da sauran rufin, sai na fara shan ƙwayoyin tun daren da ya gabata, na yi aiki kusan kamar na farko, kuma tsamin da ya biyo baya bai kai rabin na da ba. Daga nan ban ƙara shakka ba. Na ba abokan aikina labari a ɗakin malamai, har biyu daga cikinsu suka roƙi in sa a sayo musu.

A wannan zagaye na biyu ɗan ƙanena, saurayi mai shekara 19 da ke karatu a jami'a, ya zo taya mu, kuma bai kasance a zagayen farko ba. Shi da wasu samari suka shiga gasar wanda zai fi kai kwano, yana hawa tsani da gudu cikin tsakar rana, ba ya tsayawa shan ruwa. Bayan kwana biyu aka ce mini ba ya iya miƙe hannuwansa, cinyoyinsa kuma sun kumbura. Na je na same shi a kwance, ya ce, "Baba, jikina duk ya mutu." Na ce masa tsamin jiki ne, ni ma na yi irinsa, na zuba masa ƙwaya biyar a ƙarƙashin harshe, na bar masa bututun, na ce kwana uku zai miƙe. Wannan magana ita ce har yau take damuna, domin da ita na sa iyayensa suka ƙara kwana guda suna jira.

Washegari wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya yi ritaya bayan ya zaga asibitocin karkara da yawa, ya shigo duba shi. Bai tambayi inda yake ciwo ba, tambayarsa ta farko ita ce launin fitsarinsa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce tun jiya ya koma kamar shayin farko, kuma kaɗan yake fita. Ya ƙara da cewa ya sayi ƙwayar kashe ciwo wajen mai tebur ya sha sau da yawa. Majo ya miƙe ya ce a nemo mota yanzu. A asibiti aka ɗebi jininsa, aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ya yi kwana huɗu a kwance kafin fitsarin ya washe aka sallame shi. Likita ya bayyana mana cewa idan tsoka ta lalace da yawa a lokaci ɗaya, tana sakin wani sinadari mai suna miyogulobin cikin jini, shi ne yake rina fitsari, kuma yana iya toshe ƙoda har ta daina aiki, musamman idan jiki ya bushe saboda zafi da rashin shan ruwa. Ya ce magungunan kashe ciwo irin su dikulofenak da ibufurofen suna ƙara wa ƙoda nauyi a irin wannan hali. Allah Ya kiyaye, yaron ya warke sarai.

Bayan an sallame shi na je gidan Majo yi masa godiya, na tafi da bututun na nuna masa, na ba shi labarin yadda suka yi mini aiki sau biyu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, faɗa mini ranar da ka fara sha." Na ce Litinin da yamma. Ya ce to a ranar da ciwon ya kai ƙololuwa na fara, kuma daga ƙololuwa babu inda za a nufa sai gangara. Ya yi mini bayanin da daga baya na same shi daidai a duk inda na duba. Tsamin jiki na bayan aikin da ba a saba ba yana farawa ne bayan awa 12 zuwa 24, ya yi tsanani tsakanin awa 24 da 72, sa'an nan ya tafi da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai, ko an sha magani ko ba a sha ba. Abin da ke kawo shi ƙananan rauni ne a cikin zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya, kuma aikin da ya fi jawo shi shi ne wanda tsoka take riƙe nauyi tana miƙewa, kamar saukowa daga tsani da kaya a ka. Ya ce abin da aka daɗe ana faɗa wa 'yan ƙwallo, cewa sinadarin lakitik ne ya taru, ba daidai ba ne, domin wannan yana barin tsoka cikin kamar awa guda bayan an daina aiki.

Na ce masa to zagaye na biyu fa, da na sha tun da wuri ciwon ya zo da sauƙi? Ya ce tsokar da ta sha wuyar wani aiki sau ɗaya tana samun kariya daga irinsa har na tsawon makonni, shi ya sa manomi yake jin jiki a makon farko na noma, ya daina ji a mako na uku, alhali aikin bai ragu ba. Ya nuna mini cewa a rana ɗaya, a kan tsani ɗaya, ni da na yi zagayen farko na tashi da ɗan tsami, yaron da bai yi ba ya kwanta asibiti, kuma shi ma ya sha ƙwayoyin nan daga hannuna.

Abin da ya rage mini shi ne in san ma'anar 9 CH da ke jikin bututun, kuma nan ne sana'ata ta yi mini amfani. Wanda ya ƙirƙiro homiyofati wani likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755 ya rasu a Faris a 1843. A 1790 ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kinin na zazzaɓin cizon sauro, ya ce ya ji alamomi masu kama da na zazzaɓin, daga nan ya gina ra'ayinsa cewa abin da ke jawo alamun cuta ga mai lafiya shi ne zai warkar da mai irin waɗannan alamu. Ya bayyana ra'ayin a 1796. Da yake yawancin abubuwan da yake amfani da su guba ne, sai ya riƙa tsarma su da ruwa ko barasa yana girgizawa, har ya kai ga cewa yawan tsarmawa da girgizawa yana ƙara wa magani ƙarfi. Ina ganin ya kamata a yi masa adalci: a zamaninsa likitocin Turai suna zubar wa majinyaci jini da yawa, suna ba shi maganin da aka haɗa da zaiba, saboda haka wanda aka ba ruwa da sukari aka bar jikinsa ya huta sau da yawa ya fi samun sauƙi a kan wanda aka yi wa wancan magani.

Harafin C yana nufin ɗari, H kuma sunan Hahnemann ne. Ana ɗaukar kashi ɗaya na ruwan tsiron a zuba cikin kashi 99 na ruwa ko barasa a girgiza, wannan shi ne 1 CH. A ɗebi kashi ɗaya daga wannan a sake zubawa cikin wani 99, ya zama 2 CH, a yi ta maimaitawa. Sau tara ke nan aka yi wa nawa, wato kashi ɗaya cikin adadin da ake rubutawa da 1 da sifiri 18 a bayansa. Na zauna da takarda na auna abin da ɗigo guda, na ga daidai yake da a ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan tsiron cikin tafki mai tsawon kilomita 10, faɗin kilomita 5, zurfin kilomita 1, sa'an nan a ɗebo kaɗan daga tafkin a fesa wa ƙwayoyin sukari a shanya. Idan aka kai 12 CH an wuce adadin Avogadro da ɗalibanmu ke koya a ajin kimiyya, 6 da sifiri 23, ma'ana da wuya a sami ko ƙwayar sinadari ɗaya ta tsiron a ciki, kuma ana sayar da har 30 CH. Ƙwayoyin kansu sukari ne na rake da sukarin madara. Na sake lissafin sau uku, domin da farko na ɗauka na yi kuskuren sifiri.

Ita arnika tsiro ce ta gaske, mai fure ruwan ɗorawa, tana fitowa a kan duwatsun Turai, kuma guba ce idan aka ci ta yadda take. Akwai man shafawa da ake yi da ruwanta wanda ba a tsarma shi irin wancan tsarmawa ba, shi wannan maganin tsiro ne kamar namu na gargajiya, ba a sha, ba a kuma shafa shi a kan buɗaɗɗen rauni. Sunan ɗaya ne a jikin kwali, amma abin da ke ciki ya bambanta, kuma na lura 'yar yayata ma ba ta san da wannan bambanci ba.

An kuma gwada ƙwayoyin a kan ainihin irin ciwona. A 1998 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da masu gudun dogon zango 519, aka ba wasu arnikar homiyofati, aka ba wasu ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a ciki, ba tare da mai sha ko mai bayarwa ya san wadda aka ba wa ba. Tsamin jikin ɓangarorin biyu bai bambanta ba, kuma cikin waɗanda suka gudanar da gwajin har da likitan homiyofati. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta duba gwaje-gwajen da aka yi, ta ce babu wata cuta da aka sami tabbatacciyar hujja cewa homiyofati yana maganinta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin Faransa kanta, inda aka sayo mini su. A 2019 babbar hukumar lafiya ta ƙasar ta ce ba a nuna amfaninsu yadda zai sa asusun lafiya ya ci gaba da biya ba, sai aka rage abin da ake mayar wa mai saye daga kashi 30 cikin ɗari zuwa 15 a farkon 2020, aka daina gaba ɗaya ranar 1 ga Janairu 2021. Har yanzu ana sayar da su a farmasi a can, mai so ya biya da kuɗinsa, kamar yadda 'yar yayata ta yi.

Duk da haka zuciyata ba ta saki ba, domin abin da mutum ya ji a jikinsa yana da wuyar kankarewa da lissafi. Na jira har kaka, wata biyar bayan yaɓen, lokacin da duk wata kariya ta tsoka ta gushe, na bi ƙanena gonarsa da ke hanyar Miriya, na yini ina ɗaukar damin gero daga gona zuwa amalanke, daga amalanke zuwa rumbu. A wannan karo ban sha ƙwaya ko ɗaya ba, na ajiye ɗan littafi ina rubuta yadda na tashi kowace safiya, ina ba ciwon maki daga sifiri zuwa 10. Rana ta farko na rubuta 4, ta biyu 7, ta uku 6, ta huɗu 3, ta shida kuma ban sami abin rubutawa ba. Na san gwajin mutum ɗaya a kan kansa ba hujja ba ce a wajen masana, ni ma ba zan karɓe shi daga ɗalibi ba, amma ya isa ya nuna mini cewa kwanakin da ciwon ya ɗauka babu magani su ne kwanakin da ya ɗauka da magani. Gashi da tausa da man kaɗanya kuwa na ci gaba da su, domin suna rage zafin a lokacin da ake yi, mutum ya sami barci, ko da ba su rage yawan kwanakin ba. Haka ita ma tafiya a hankali da yamma tana sassauta jiki na ɗan lokaci, wanda shi ne ainihin siffar da aka ce mini ta Rhus toxicodendron ce, alhali siffar kowane tsamin jiki ce.

Na kira 'yar yayata a waya na ba ta labarin duka, tun daga kwanciyar ɗan'uwanta har lissafin tafki. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, "Kawu, wallahi don in taimake ka na ba ka." Na ce mata na sani, 'yata, kuma ban kira don in zarge ta ba, laifin jinkirin kwana gudan nan nawa ne, domin ni na tsaya a kan yaron na ce tsamin jiki ne ba tare da na tambaye shi komai ba. Ta ce ita za ta ci gaba da sha idan ta buge, tana jin daɗinsu. Ban ja da ita ba, sai dai na roƙe ta kada ta ba wa mai zazzaɓi, ko mai kumburi, ko yaro mai ciwon amosanin jini, domin a garinmu ciwon jiki sau da yawa shi ne farkon zazzaɓin cizon sauro, kuma kwana biyu na jira yana iya zama abin da ba a gyarawa. Na kuma koma wajen abokan aikina biyu na janye maganar da na yi musu, na zana musu lissafin a kan allo.

Bana da lokacin yaɓe ya zo, mun raba aikin kwana huɗu maimakon biyu, muna farawa bayan asuba mu tashi ƙarfe goma. Mako biyu kafin nan na riƙa hawa da sauka a kan tsanin gida da rabin kwano kowace safiya, na sa samarin ma suka yi. Mun ajiye randa a gindin katanga, aka ɗora wa ƙaramar 'yata aikin bin kowa da moɗa, kuma na hana gasa. Da yamma Majo yakan leƙo ya zauna a zaure, kuma kafin yaran su watse sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su launin fitsarinsu, su amsa masa suna sunkuyar da kai.